Yadda ake gane muryar fikof ɗin jitar lantarki, a auna ta, a gyara ta

Abin nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar lantarki, wanda ake kira fikof, ba makirufo ba ne, ba ya jin sauti. Motsin ƙarfe kawai ya sani. Maganaɗisu ne da aka zagaye da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai. Maganaɗisun yana sa ɗan yankin tsirkiyar da ke bisa kansa ya ɗauki ƙarfinsa, to da an kaɗa tsirkiya ta fara kai da komo, sai ƙarfin da ke ratsa naɗin wayar ya riƙa hawa da sauka, hawa da saukar nan ce ke haifar da 'yar wutar da amfilifaya ke ƙara wa ƙarfi. Ƙa'idar da Michael Faraday ya gano ce a 1831, kuma a kanta George Beauchamp ya gina fikof ɗin jitar Rickenbacker a farkon shekarun 1930. Shi ya sa tsirkiyar nailan ba ta ba da komai a kan fikof irin wannan.

Da yawa idan muryar jita ba ta yi musu ba, sai su cire fikof su sayo wani. Galibi ba a nan gizo ke saƙar ba. Muryar da kake ji haɗakar abu huɗu ce: yawan naɗin waya, irin ƙarfen da ke cikin naɗin da kewayensa, wurin da fikof yake da tazararsa da tsirkiya, da kuma abin da aka jona masa, wato maɓallan murɗawa da kebul. Biyun ƙarshe kana iya taɓa su yau ba tare da ka cire komai ba, don haka daga can ya kamata a fara.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: mita mai auna om, wato turjiyar waya ga wuta, wadda in tana auna henri ma ya fi, rula ta ƙarfe mai milimita, ƙaramin sukudireba, kamfas, ƙarfen soda na wat 30 zuwa 40 da dalmarsa, da kebul biyu, gajere da dogo.

Tudun sauti, wanda shi ne asalin muryar

Kowane koyil, wato naɗin wayar nan, yana da abin da ake kira indaktans, ana auna shi da henri. Yawan naɗi ne ke kawo shi, da ƙarfen da ke tsakiyar naɗin. Akwai kuma kafasitans, wato iya riƙe caji, da ake auna shi da pF, wanda kaɗan daga cikinsa yana tsakanin zagayen wayar, wajen 100 pF, amma mafi yawansa a kebul yake, domin kebul na yau da kullum yana ɗauke da kimanin 100 pF a kowace mita ɗaya. Idan waɗannan biyu suka haɗu sai su yi wa sauti tudu: akwai wani yanki da suke ɗagawa sama da saura, daga bayansa kuma sauti ya faɗi da sauri. Inda tudun nan ya tsaya, nan kunne ke cewa wannan fikof mai kaifi ne, wancan mai kauri ne.

Ga lissafin a aikace. Fikof ɗin jitar Stratocaster ta Fender, Strat a taƙaice, mai henri 2.5, da kebul na mita 5, jimillar kafasitans kusan 600 pF, tudunsa yana wajen hez 4,100, wato kaɗawa 4,100 a daƙiƙa ɗaya. A nan ne ƙyallin nan da aka san Strat da shi yake. Hambaka, wato fikof mai koyil biyu, irin ta Gibson mai henri 4.5 a kan wannan kebul ɗin tana sauka zuwa wajen hez 3,000, muryar ta cika, kaifin ya ragu. Fikof mai zafi, wato mai naɗi da yawa, na henri 8 yana komawa wajen 2,300, nan ne sauti ke zama mai turo tsakiya, wanda ke sa amfilifaya ta yi saurin dishewa irin yadda masu kiɗan rok ke so.

To ka ɗauki Strat ɗin nan mai henri 2.5 ka sa masa kebul na mita 10. Kafasitans ya kai 1,100 pF, tudun ya gangaro zuwa wajen 3,000, daidai inda hambakar take. Ba a taɓa fikof ba, amma murya ta sake. Saboda haka gwajin farko shi ne wannan: ka kaɗa waƙa ɗaya da gajeren kebul, ka sake kaɗa ta da dogo, boliyum ɗin jita a buɗe duka, ba tare da ka taɓa amfilifaya ba. In gajeren ya ba ka abin da kake nema, aiki ya ƙare.

Awo da mita, da abin da lambar om ba ta faɗa

Ka sa mita a ma'aunin 20k, wato om dubu 20. Ka soka kebul a jita, ka buɗe boliyum da ton, maɓallin rage kaifi, har ƙarshe, ka zaɓi fikof ɗaya, sannan ka ɗora tsinken mita ɗaya a kan bakin filogi, ɗaya a jikinsa. Lambar da za ka gani za ta ɗan gaza ta gaskiya, domin fot ɗin boliyum, wato turjiyar da ke ƙarƙashin maɓallin murɗawa, yana gefe yana cin rabonsa: fikof na 6k da fot na 250k zai nuna wajen 5.86k.

Abin da aka saba gani shi ne, fikof ɗin Strat na tsohon salo yana tsakanin 5.8k da 6.3k, naɗi wajen 8,000. P-90, wanda Gibson ta fito da shi a 1946, yana wajen 8k, naɗi kusan 10,000 a kan bobin, wato abin da ake naɗa wayar a jikinsa, mai faɗi kuma gajere. Hambakar da Seth Lover ya ƙera, wadda ta hau jitocin Gibson a 1957, bobin biyu ce, kowanne naɗi wajen 5,000, jimilla 7.5k zuwa 8.5k. Super Distortion na kamfanin DiMarzio, wanda ya fito a 1972, ya haura 13k.

Kada lambar nan ta ruɗe ka. Om ba ƙarfin murya yake aunawa ba, tsawon waya da kaurinta kawai yake faɗa. Waya mai lamba 42, wadda kaurinta bai wuce na gashin kai ba, milimita 0.063, tana da kusan om 5.4 a kowace mita. Mai lamba 43 ta fi ta sirantaka, turjiyarta ta ɗara da fiye da kashi 25 cikin 100. Ke nan naɗi 8,000 da waya 42 zai nuna 6k, naɗi 8,000 da waya 43 ya nuna sama da 7.5k, alhali ƙarfin fitarsu kusan ɗaya ne. Fikof ɗin da ke kusa da wuyan jitar Telecaster misali ne: da waya 43 ake naɗa shi, lambarsa ta fi ta Strat, amma bai fi shi ƙara ba. Zafi ma yana motsa lambar, jan ƙarfe na ƙara kashi 0.39 cikin 100 a kowane digiri ɗaya, don haka fikof ɗin da ya nuna 6.0k da sanyi zai nuna wajen 6.24k idan zafi ya ƙaru da digiri 10. Kwatanta om yana da amfani ne kawai tsakanin fikof biyu masu siffa ɗaya da waya ɗaya.

In mitarka na auna henri, wannan lambar ce ta fi faɗin gaskiya. Ka tuna indaktans ba ya bin naɗi ɗaya bayan ɗaya, ninkawa yake yi: ƙarin naɗi kashi 10 cikin 100 yana ƙara ƙarfin fita da kashi 10, amma indaktans ya hau da kusan kashi 21, tudun kuma ya sauka da kusan kashi 9. Duk ƙarfin da ka samu ta hanyar naɗi, da kaifi ka biya shi.

Daidaita tsayi

Wannan ne gyaran da ya fi kowanne tasiri a kan ƙaramin aiki. Ka danne tsirkiya a firet na ƙarshe, wato na ƙarshe cikin ƙarafan da ke kwance a wuyan jita, ka auna daga kan maganaɗisu zuwa ƙasan tsirkiyar, a tsirkiya mafi kauri da mafi siriri. Kada ka auna ba danne ba, lambar ba za ta yi maka amfani ba.

Ga mai koyil ɗaya na tsohon salo, Fender na ba da shawarar milimita 2.4 a gefen kauri, 2.0 a gefen siriri. Ga hambaka, ka fara da 1.6 a ta kusa da jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jita, 2.4 a ta wuya. Mafari ne kawai waɗannan. Daga nan ka riƙa murɗa sukuru rabin zagaye kana saurare, amfilifaya a murya tsaf ba dishewa.

Ka fara da na jaki, ka kai shi inda ya yi maka, sannan ka sauke na wuya har ƙararsu ta zo daidai. Dalili kuwa, tsirkiya tana lilo sosai a wajen wuya, kusa da jaki kuwa motsinta kaɗan ne, don haka in tsayinsu ɗaya na wuya zai danne na jaki.

In fikof ya matso da yawa, musamman mai sandunan maganaɗisu na alniko irin na Strat, maganaɗisu zai riƙa jan tsirkiyar. Za ka ji sauti yana rawa kamar murya biyu na faɗa, ya mutu da wuri, na'urar saita murya kuma ta kasa tsayawa wuri ɗaya. A tsirkiya mafi kauri aka fi jin wannan, daga firet na 12 zuwa sama. Mutane kan ɗora laifin a kan tsirkiya ko jaki, su yi ta gyaran banza. Ka sauke fikof ɗin wuya a gefen kauri da zagaye ɗaya ko biyu, ka sake gwadawa. In kuma ya yi nisa da yawa, ƙara za ta ragu, sai ka ƙara amfilifaya, ƙugi ya taso tare da ita.

Akwai abin da ba a yi. Tsofaffin fikof na Strat sandunansu ba tsayi ɗaya ba ne, an tsara su don zamanin da tsirkiya ta uku take da naɗi. Da tsirkiyar yanzu marar naɗi, sai ta ukun ta fi saura ƙara. Kada ka ce za ka danna sandar ƙasa. A irin wannan ginin wayar a jikin sandunan take naɗe kai tsaye, da sanda ta motsa sai ta tsinke waya can ciki inda hannu ba ya kaiwa. A hambaka da P-90 kuwa sukurori ne, don murɗawa aka yi su.

Wurin da fikof yake zaune

Tsirkiya ba lilo ɗaya take yi ba. Tana kaɗawa gaba ɗayanta, tana kuma kaɗawa rabi-rabi, kashi uku, kashi huɗu, haka har sama, kowane kaso da nasa siririn sautin a kan asalin. Fikof yana ɗaukar abin da ke motsi a daidai kansa ne kawai. A jitar Fender mai tsawon tsirkiya milimita 648, kashi ɗaya cikin huɗu daga jaki shi ne milimita 162, kusan nan fikof ɗin wuya na Strat yake, wurin da kaɗawar kashi huɗu ba ta motsi in tsirkiya a sake take, asalin sautin kuwa yana da ƙarfi. Shi ya sa muryarsa take da zurfi. Kusa da jaki asalin ya yi rauni, sirarran sun fito fili, murya ta yi tsini. Don haka masu naɗi suke ƙara wa na jaki waya.

Faɗi ma yana da nasa. Hambaka tana sauraren tsirkiya a wuri biyu da ke da tazarar milimita 18 ko kusa da haka, sai wasu sirarran sautuka su soke juna, abin da ke ƙara mata taushi. Kafin ka sayi hambakar jaki ka auna tazarar tsirkiya ta farko zuwa ta shida: akwai mai wajen milimita 50, akwai mai 52 zuwa 53 don jaki mai faɗi.

Fot da kafasita

Fot ba ya motsa tudun sosai, tsayinsa yake ragewa. Ƙaramin fot yana danne tudu, babba ya bar shi ya miƙe. Shi ya sa aka saba haɗa mai koyil ɗaya da 250k don a rage masa tsini, hambaka da 500k don kada ta dushe, jitar Jazzmaster kuwa da 1M, om miliyan ɗaya, ta zo. Boliyum da ton da mashigar amfilifaya duk tare suke jan fikof: fot biyu na 250k da amfilifaya mai 1M suna zama wajen 111k, biyu na 500k kuwa 200k. In hambakarka ta yi duhu, ka auna fot ɗin a cire kafin komai, domin ba kasafai lambar da ke jikinsa take cika daidai ba. In Strat ya yi maka tsini, ka jona rezisto na 470k tsakanin wayar fikof da at, wato wayar ƙasa da ke jone da bayan fot, ka ji bambanci kafin ka sauya wani abu.

Kafasitar ton, 0.022 ko 0.047 µF, ba ta da wani babban tasiri idan ton yana buɗe duka. Sai ka rufe shi sosai take shiga, ta ja tudun ƙasa: da fikof mai henri 2.5, ta 0.022 tana kai shi wajen hez 680, ta 0.047 wajen 460. In ton ɗinka a rufe yana zama laka, ka koma ƙaramar kafasita. Lambarta ce ke aiki, a ganinmu, ba sunan wanda ya yi ta ba.

In kana rage boliyum kaifi yana ɓacewa, turjiyar fot ce ta shiga tsakanin fikof da kebul. Maganinsa kafasita ta 0.001 µF da rezisto na 150k a haɗe gefe da gefe, a jona su tsakanin ƙafar shiga da ƙafar tsakiya ta fot ɗin boliyum.

Ƙugi, da yadda koyil biyu ke kashe shi

Koyil ɗaya yana ɗaukar ƙugin wutar gida, hez 50 ko 60, daga taransifoma da makamantansu. Dabarar hambaka ita ce koyil biyu masu saɓanin naɗi da saɓanin fuskar maganaɗisu. Ƙugi ba ruwansa da maganaɗisu, don haka saɓanin naɗi ya sa ya soke kansa. Sautin tsirkiya kuwa an juya shi sau biyu, sai ya haɗu ya ƙaru. Da wannan dabarar ake yin fikof ɗin tsakiya na Strat ɗin zamani, shi ya sa matsayi na 2 da na 4 na makunnin zaɓen fikof, inda na tsakiya ke haɗuwa da wani, suke shiru.

Kafin ka haɗa fikof biyu daga kamfanoni daban, ka yi gwaji biyu. Ka kawo kamfas kan kowanne ka rubuta wace fuska ce ke sama. Sannan ka sa mita a ƙaramin ma'aunin DC, ka jona wayoyin fikof, ka kwantar da sukudireba a kan maganaɗisu, ka fizge shi sama da sauri, ka duba ko lambar ta yi tsalle zuwa ƙari ko ragi. In duka biyun sun yi tsalle gefe ɗaya, tafiyarsu ɗaya. In ga haka kuma fuskokin maganaɗisunsu sun saɓa, za su kashe ƙugi idan aka haɗa su. In tsallen ya saɓa, a haɗe za su ba da siririyar murya marar ƙarfi, kamar ta hanci, domin kaurin ya soke juna. Gyaran shi ne a musanya wayoyin ɗaya daga cikinsu. Amma in wayar at ɗinsa tana manne da murfi ko farantin ƙasa, kamar a Telecaster, sai an fara raba su an ba murfin tasa wayar at, in ba haka ba murfin zai zama mai ɗaukar ƙara da zarar ka taɓa shi.

Hambaka mai waya huɗu tana ba da murya uku. A jere, 4k da 4k sun zama 8k, murya cikakkiya. Gefe da gefe, mita za ta nuna 2k, indaktans ya faɗi zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, murya ta yi haske, ƙugi kuma bai dawo ba. In an kashe koyil ɗaya, 4k, ƙugi ya dawo. Mu mun fi son gefe da gefe a kan kashe koyil ga hambaka marar zafi, domin naɗi 5,000 shi kaɗai bai kai na Strat ba, muryar kan yi rama. Launin wayoyi ba ɗaya ba ne a ko'ina: a Seymour Duncan baƙa ce mai fita, ja da fara a haɗe, kore da tsirara zuwa at, a DiMarzio ja ce mai fita, baƙa da fara a haɗe.

Liƙa tef ɗin jan ƙarfe a ramin jita, a jona shi da at, yana rage ƙarar ziii da fitilu da caja ke kawowa. Ƙugin taransifoma kuwa ba ya tare shi.

Maganaɗisu da murfi

Alniko haɗin alminiyam ne da nikel da kobalt da baƙin ƙarfe. Mai lamba 2 da 3 ba su da ƙarfin ja sosai, 5 ya fi su, na yumɓu da ake kira siramik kuma galibi ya fi ƙarfi a cikin hambaka. Ƙarfin maganaɗisu yana ƙara fita da saurin bugun farko, raunana kuma suna barin tsirkiya ta yi lilonta. Sunan da siramik ya yi na tsauri, yawancinsa daga koyil masu naɗi da yawa da ake haɗa shi da su ne.

Sauya maganaɗisu a hambaka ba wuya. Ka duba fuskarsa da kamfas ka yi alama, ka sassauta sukurori huɗun da ke ƙasan faranti, ka turo sandar ta fito a hankali kada ta ja wayoyin koyil. Girman da aka saba shi ne milimita 63.5 a tsawo, 12.7 a faɗi, 3.2 a kauri. In ka mayar da sabon a juye, hambakar za ta yi aiki ita kaɗai, amma za ta saɓa da 'yar'uwarta a matsayin tsakiya na makunni, inda biyun ke haɗuwa.

Duk ƙarfen da ke ɗaukar wuta kusa da koyil, wata 'yar wuta tana kewayawa a cikinsa tana cin kaifi. Murfin tagulla ya fi ci, na nikel-silba bai kai shi ba. In hambaka mai murfi ta yi duhu, ɗigon dalma biyu ne ke riƙe murfin a ƙasa, ka cire ka saurara.

Fikof mai batir, irin EMG, wata hanya ce daban: ƙaramin koyil da 'yar amfilifaya a ciki mai cin batir na bolt 9, da fot na 25k. Tsawon kebul ba ya taɓa muryarsa. Soka kebul ne ke kunna batir, don haka a zare shi bayan an gama.

Naɗa mai koyil ɗaya da hannu

Za ka buƙaci faranti biyu na faiba, sandunan alniko shida masu kaurin milimita 4.75, ƙananan zobban tagulla biyu na ƙarshen waya, waya lamba 42, da injin juyawa mai ƙidaya. Ka dasa sandunan a cikin farantan daidai wa daida, ka goge bakin farantan da sanfefa mai laushi har babu inda zai kama waya, sannan ka rufe sandunan da siririn tef ko fenti mai ƙyalli irin banish, ka bari ya bushe. Kada ka tsallake wannan, shi ke hana waya taɓa ƙarfe.

Ka ajiye kwarkwaron waya a tsaye a ƙasa, wajen mita ɗaya ƙarƙashin injin, wayar ta riƙa zarewa ta samansa ba tare da ya juya ba. Ka zura bakinta cikin zoben farko sau biyar ko shida, ka yi zagaye goman farko da hannu, sannan ka tada inji a hankali. Wayar tana bi tsakanin babban yatsa da manuni, ko tsakanin ƙyallen ulu biyu, kana kai ta gefe zuwa gefe. Naɗi 8,000 ya haura kilomita ɗaya na waya, don haka kada ka yi gaggawa. Kana tsayawa bayan kowane 1,000 ka duba ko ya taru a gefe ɗaya.

Riƙon nan shi ne gwanintar. In ya yi sako-sako, zagaye za su zamo su fita gefen faranti, fikof kuma ya riƙa ihu a babbar ƙara. In ya yi tsauri, wayar za ta miƙe ta sirance, om ya hau ba dalili, farantan su buɗe, ko rufin wayar ya yanke a kan sandar ƙarshe. In ta tsinke a farko-farko, yanke duka ka sake.

Da ka kai adadi, ka zura ƙarshen a zobe na biyu ka yi soda. Waya mai rufin foliyuretan zafi na narkar da rufinta, amma mai tsohon rufin enamel ko Formvar sai an kankare ta da sanfefa mai laushi sosai. Ka auna zobe zuwa zobe, ka ga wajen 6k. Ka auna zobe zuwa kowace sanda, nan bai kamata mita ta nuna komai ba. Farkon naɗi, wanda ke jikin sanduna, shi ake kaiwa at, don taɓa sanda kada ya kawo ƙara. Sandunan in ba caji suka zo, ka wuce da fikof ɗin sau da yawa tsakanin maganaɗisun niyodimiyam biyu masu jan juna, ka tabbatar da fuskar da kamfas.

Saura kaki. Kashi 80 na farafin, 20 na kakin zuma, a narkar a gwangwani da ke zaune cikin ruwan zafi, a tsayar da shi wajen digiri 65. Kada a ɗora gwangwanin a kan wuta kai tsaye, tururin farafin yana kamawa, zafin da ya wuce kima kuma yana lanƙwasa bobin na roba. Ka rataye fikof a ciki kada ya taɓa gindi, minti 10 zuwa 20, har kumfa ta daina fitowa, ka ɗaga ka goge. Hambakar Gibson ta farko ba a sa mata kaki ba, wasu ma sun fi son ta haka, amma a babbar ƙara ihu take yi.

In fikof ya mutu, mita ce za ta raba maka gardama. Idan ba ta nuna komai ba, ga kuma wata siririyar murya can ƙasa wadda ke ɓacewa da an taɓa ton, waya ta tsinke; ka fara sake narkar da dalmar zobban biyu, domin sau da yawa a nan ne, sannan ka duba zagayen waje, inda za ka iya warware kaɗan ka kamo bakin. Idan ta nuna kusan sifili, wayar fita ta taɓa at, galibi a bayan fot ko a tef ɗin jan ƙarfe. Idan kuwa lambar om tana daidai amma murya ta dushe ta rasa ƙarfi, ko wasu zagaye sun manne da juna a ciki, ko maganaɗisu ya yi rauni. Ka sake masa caji tukuna. In bai dawo ba, sai sabon naɗi.